Sadaka Muke Ba Su, Aiki Suke Nema

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san abin da ake gani. Ga shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, ga manyan motoci suna lodi za su kudu, ga dillalai da masu canjin Sefa da Naira. A bakin hanya kuwa ga guragu bisa kekunansu, ga makafi da 'yan jagoransu. Mukan miƙa musu abin da ya sawwaƙa mu wuce, zuciyarmu fari ƙal, a ganinmu mun yi abin kirki. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ko ɗaya daga cikinsu ko ya iya lissafi, ko ya taɓa zama a aji ba. A kan wannan muke so mu yi magana a mujallar bana, gama a cikin masu fita daga makarantar nan akwai masu ɗingishi, akwai waɗanda ba su ji sosai, akwai masu raunin ido, su ma kuwa gobe za su shiga neman aiki.

Da ana cewa naƙasassu, yanzu an fi son a ce masu buƙata ta musamman. Sunan ya yi daɗin ji, amma ƙofar ofis tana nan yadda take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa. A ƙasar Gumel ba ma bukatar a kawo mana lissafi daga Turai. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta asali, watau yaran da cutar ta shanye wa ƙafa kafin wannan lokaci su ne samari da 'yan matan da ke cikinmu yau, a Gagarawa da Sule Tankarkar da ko'ina.

Ba mu ce gwamnati ta yi barci ba. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya soma biyan waɗansu naƙasassun Jigawa Naira 7,000 kowane wata, daga baya gwamnatin Umar Namadi ta ɗaga kuɗin zuwa Naira 10,000. Abin yabo ne, ya kuma tsare mutuncin tsofaffi da yawa. Amma saurayi ɗan shekara ashirin mai takardar sakandare, kuɗin nan ba za su yi masa aure ba, balle su riƙe masa gida. A watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Shekara biyar ɗin sun cika tun Janairu 2024. Mai karatu ya zaga garinsu ya ƙirga da kansa.

Akwai wani tsohon ɗalibinmu, ba za mu faɗi sunansa ba, wanda shan inna ta kama tun yana goye. Ya fi kowa lissafi a ajinsu. Da ya gama karatu ya sami aikin akawu a wani ofis, muka yi ta murna, har aka yi addu'ar godiya. Bayan wata shida ya zo gaishe mu, muka ga ya rame. Ashe ofishin a bene yake, kullum da safe sai ya ajiye kekensa a ƙasa ya hau da hannu, a gaban masu jiran layi, da rigar da ya goge da dare. Bayan gida kuwa yana can nesa, ƙofarsa ƙarama. Saboda haka ya daina shan ruwa daga safe har a tashi aiki. Ku tuna da zafin Gumel a watan Afrilu. Duk wannan bai dame shi kamar abu na uku ba: ba a ba shi aiki. Idan fayil ya zo sai a ce, "Bar shi, kada a wahalshe shi," a miƙa wa na kusa da shi. Yana zaune daga ƙarfe takwas zuwa huɗu yana kallon bango, ƙarshen wata a biya shi. Ya ce mana, "Malam, bara ce dai, sai dai ta cikin ofis."

Mutane suna tsammani wahalar aiki ita ce yawansa. Ga naƙasasshe sau da yawa tausayin da ba a nema ba ya fi nauyi. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda muka fi gani ga mata: don kada a ce ta kasa, sai ta ɗauki aikin mutum biyu, ba ta neman hutu, ba ta cewa ta gaji, har ciwon kai da rashin barci su zama abokan zamanta. Kurma kuma yana da nasa. Ana taro, kowa na dariya, shi bai san abin da aka yanke ba sai an zo ana yi masa faɗa don bai aikata ba.

Shawararmu ga ƙannenmu masu fita ita ce kada ku jira a gane matsalarku, gama mai lafiyar ƙafa ba ya ganin matakala. Tun makon farko ku sami shugaban wurin cikin ladabi, ku faɗi abin da kuke bukata dalla-dalla, in ya yiwu a rubuce: tebur a ƙasa, kujera kusa da mai magana, a rubuta muku umarni a takarda. Wannan ba roƙo ba ne, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi. Ɗalibin nan namu sai da ya yi haka, bayan mun matsa masa, aka sauko da teburinsa ƙasa, ya kuma ce a ba shi littafin kuɗi na wata guda a gwada shi. Littafin yana hannunsa har yau. Ku kuma nemi abokin sirri ɗaya a wurin aiki, ku shiga ƙungiyar 'yan'uwanku, domin wanda ya riga ku shan wannan wuya ya san hanyoyin da mu malamai ba mu sani ba. In barci ya ƙaurace muku mako da makonni, ku je asibiti a auna jininku. Addu'a da ganin likita ba su gaba da juna.

Sai batun wane aiki ya dace. A nan mu ma muna da laifi. Da mun ga gurgu sai mu ce gyaran takalmi, makaho kuwa saƙar igiya ko tabarma. Sana'o'i ne masu albarka, ba mu raina su ba, amma wa ya ce iyakarsu ke nan? Marigayi Dokta Bitrus Gani-Ikilama ya makance tun yana yaro, ya yi makarantar makafi ta Gindiri wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953, ya je Ingila ya koyi aikin gashin ƙashi, ya yi shekaru yana wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada da 'yan'uwansa da shan inna ta taɓa suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, suna koya wa na baya walda. Ayuba Gufwan, wanda ya daɗe yana ƙera irin kekunan nan a Jos, shi aka naɗa a 2024 ya shugabanci hukumar naƙasassu ta ƙasa. (Masu son wasanni su tuna: a Paris a 2024 'yan wasanmu masu cikakkiyar lafiya sun dawo hannu rabbana, naƙasassun kuwa suka kawo lambobi bakwai.)

A fara da abin da yaro ya iya, sa'an nan a dubi abin da jikinsa zai ɗauka. Kasuwar Maigatari ɗin nan tana bukatar masu rubuta rasit, masu na'urar POS, masu gyaran waya, masu riƙe lissafin riɗi da zoɓo a sito. Kusan duk a zaune ake yin su. Kwalejin Ilimi tana nan cikin Gumel, koyarwa kuwa da kai da baki ake yinta. Sai dai mai neman aiki ya lissafa har da hanya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin mota ya hau, kuma ɗan acaɓa ba ya ɗaukar keken guragu. Ƙaramin aiki kusa da gida yakan fi babba a Dutse wanda rabin albashinsa zai ƙare a mota.

Iyayenmu 'yan kasuwa da ke cikin ikilisiya, in kuna neman yaron shago bana, ku zo mu nuna muku sakamakon jarrabawa kafin ku ga masu shi. Mu kuma na cikin makaranta, mun je mun duba namu ginin kafin mu rubuta wannan. Matakala uku ne a ƙofar ɗakin taro, biyu a ɗakin karatu. Mun tambayi magini, ya ce gangaren siminti a wuraren biyu aikin kwana biyu ne in an kawo masa yashi. 'Yan aji shida sun ce su za su ɗebo yashin kafin damina.