Rumfar leda ta ƙasashen ɗari, da abin da za mu ɗauka cikinta

Wani Alhaji ɗan kasuwa mai garka a bakin Gulbin Maraɗi ya nuna mini hoton wata rumfa da ya gani a tafiyarsa Turai: ƙarafa ne aka lanƙwasa kamar baka, aka jera su, aka lulluɓe da farar leda, ta fito kamar rabin tano da aka kifa. Waje dusar ƙanƙara, ciki salati kore shar. Niyyarsa ya sayo irinta. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa tukuna, sai mun duba abin da ya sa masu ita suka ƙirƙiro ta.

Manoman kewayen birnin Paris tun ƙarni na 19 suna fidda kayan lambu cikin tsananin ɗari, da murafun gilashi da zafin takin dawakin birni. Leda daga baya ta zo: a 1948 wani malamin Jami'ar Kentucky ta Amurka, Emery Emmert, ya rufe rumfar shuka da ita. Amma wanda ya fi yayata aikin shi ne Eliot Coleman, manomi a jihar Maine, wanda ya bayyana dabararsa cikin littafin The Winter Harvest Handbook na 2009. Ba ya hura wuta ba ya sa inji. Leda tana barin hasken rana ya shiga, ƙasa ta ɗau ɗumi, iska mai sanyi kuma ba ta samun hanyar kwashe shi. Daga ciki sai ya ƙara shimfiɗa wani siririn mayafi bisa wayoyi, dab da shukar. A lissafinsa, kowane rufi ɗaya kamar an ɗauke gonar ne an kai ta kimanin kilomita 800 kudu.

Ga inda mai kallon hoto yake ruɗuwa. Shukar ba girma take yi cikin ɗarin ba, jira take yi. Idan tsawon yini ya kasa awa 10, ganye kusan tsayawa yake, kuma a Maine haka abin yake daga farkon Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Saboda haka tun Agusta zuwa Oktoba ake shuka, domin ganye ya kai ƙarfi kafin yini ya gajarta. Rumfar ta zama rumbu ke nan, ana tsinka ana kai kasuwa lokacin da kowa ba shi da komi. Kuma ba kowace shuka ba: alayyafon Turawa, karoti, wasu irin salati, su ne masu jure daskarewa da dare su farfaɗo da hantsi. Karoti har zaƙi yake ƙarawa cikin sanyi. Tumatir kuwa dare guda ya ishe shi mutuwa. Abin da aka shuka a makare yakan kwana ƙarami har Fabrairu, sannan ya zabura, ya riga na fili shiga kasuwa da makwanni.

Ko can ma rumfar tana da sharrinta. Dusar ƙanƙara mai nauyi takan durƙusar da ita, rana guda mai haske kuma, in an manta buɗe gefe, ta isa dafa ganyen.

To mu fa? Daga Yamai zuwa Damagaram yini ba ya kasa awa 11 ko cikin Disamba. Ɗarin da suke ɓoye wa shuka shi ne arzikinmu: cikinsa albasar Galmi take yi, da shu, da salati, kuma a kansa aka dogara lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani bayan farin 1984. Wanda ya rufe fangalinsa ruf da leda a Birnin Ƙonni, ya bari har bazara, inda ma'auni ke wuce 40, tanda ya gina.

Bakan nan dai abin ɗauka ne, rufin ne za a sake. Wahalarmu tana wurin renon iri a ƙarshen damina, Agusta da Satumba, lokacin da ruwa mai ƙarfi ke tumurmusa tsiron tumatir da shu, ƙananan fararen ƙudaje kuma suna sa wa tumatir ciwon nan mai naɗe ganye. Ma'aikacin da ke haɗa albashi da 'yar garka ya san bambancin farashi tsakanin kwandon farko da na lokacin da kasuwa ta cika har ana zubarwa. 'Yar rumfa gajera, da ƙarfen gini ko ɗanyun sanduna, a rufe da raga mai ƙananan idanu irin ta sange, a danne bakinta da ƙasa, ita ce ke ba da dashe lafiyayye da wuri. In hadari ya taso a ɗora leda a sama kawai, gefe a buɗe, a kwaye ta da ruwa ya ɗauke.

Abin da na faɗa wa Alhaji ke nan: bana ya gwada fangali biyu, ɗaya cikin raga ɗaya a fili, iri guda rana guda, ya ƙirga dashen da kowanne ya ba shi. Ya yi alkawarin aiko mini da lissafin bayan ya dasa.