Ranar da mai littafi ta yi tafiya



Makon jiya a wata ƙungiya tamu an zauna zubi, sakatariya ba ta nan: ɗiyarta ta haihu, ta tafi zaman jego. Mata 25 bisa tabarma, akwati a tsaka, masu makulli duk sun zo, amma babu wadda ta iya buɗe littafi ta faɗi wa ke da bashi, nawa ya rage mata. Haka aka watse. Wadda ta zo neman rance ta sari gujiya tun ba ta yi tsada ba, sai ta koma gida hannu biyu. Ga kuɗi kwance, ba a iya taɓa su ba.

Abin ya tsaya mana a rai. Lokacin da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, iyayenmu ba su da littafi. A ka suke riƙe lissafi, a faɗe shi gaban kowa, kowa ta zama shaida. Da rubutu ya zo mun ji daɗi, kuma ya rage gardama, ba mu musa ba. Sai dai mun tattara sanin duka mun damƙa wa mace guda, mu kuwa muka koma ƴan kallo.

Kuma karatun lamba yana da tarko. Takarda an rubuta mata 500, baki ya ce dala ɗari. Saƙon kuɗi ya shigo waya, 25.000, sai mu miƙa wa yaro ya duba mana. Kafin magariba unguwa duka ta san abin da aka aiko!

Mun san iyawa koyonta ake yi. Matan da suka saba tashi su yi magana a wurin zubi, daga cikinsu aka samu waɗanda suka tsaya takara a zaɓen ƙananan hukumomi tun daga 2004, wasu kuma suka ci. Ba da shi aka haife su ba.

To ga shawararmu. Kowane zama, mace ɗaya ta zauna kusa da sakatariya, ta karanta layinta da bakinta, ko da kuskure, ko za a yi dariya. Mako mai zuwa wata ta karɓa. Sakatarori kuma, don Allah ku saki littafin nan kaɗan. Kafin rabon bana, muna son kowace ƙungiya ta samu mata uku da za su iya riƙe shi.