Ra'ayinmu: Bikin 2028 a Yauri, a Fara da Dattawan Gungu

Shekarar 2028 za ta zo wa masarautar Yauri da abubuwa biyu masu nauyi. A cikinta Yelwa za ta cika shekara 140 da zama mazaunin Sarkin Yauri, tun da Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa fadarsa a can a 1888, bayan rigingimun gidan sarauta da suka raba sarakuna da tsohon Birnin Yauri. A cikinta kuma madatsar ruwa ta Kainji za ta cika shekara 60 da kammalawa, madatsar da ta mai da wannan yanki na kogin Kwara tafki, ta haɗiye gungaye da gonaki da maƙabartu, ta sauya sana'ar duk wanda ke zaune a gaɓa daga Yelwa har Wara. Ko ba a ce komai ba, maganar biki za ta taso. Gara a tattauna ta tun yanzu, kafin a kai ga naɗa kwamiti da rabon kwangilar rumfuna.

Masu son a yi gagarumin biki suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Yauri tana cikin ƙasashen da littattafan tarihi ke kira Banza Bakwai, amma ɗan makarantar Kano ko Katsina da wuya ya faɗi abu biyu a kanta bayan sunan. Alhali ta nan fataken goro suke bi su ƙetare Kwara zuwa Gwanja. Ta nan Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ajalinsa ya riske shi a Busa, kuma nan Richard Lander da ƙanensa John suka zo a 1830 suna neman takardunsa a wurin sarki. A zamanin jihadi, Sarki Muhammadu Albishir Ɗan A'i ya ƙulla amana da Gwandu, sarautar ta tsira a hannun gidanta. Wannan tarihi ne da za a yi alfahari da shi. Amma tun ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, aka riƙe wasu daga cikin 'yan matan har 2023, sunan garin da ya riƙe sarauta ɗaruruwan shekaru ya koma tuna wa 'yan Najeriya da wannan masifa kaɗai. Wanda ya ce lokaci ya yi da za a ji Yauri da wani labari dabam, bai yi ƙarya ba. Ga kuma bikin Rigata da aka farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan, ya nuna cewa tseren jirage a bakin ruwan Yelwa yana iya tara jama'a, masu masauki da masu abinci da 'yan acaɓa su samu na cefane, kamar yadda Argungu ta daɗe tana cin gajiyar bikin kamun kifinta.

Masu ƙin bikin su ma ba 'yan baƙin ciki ba ne. Tambayarsu ɗaya ce: murnar me? An gina Kainji don ta ba Najeriya wuta, injinanta takwas aka kafa su kan ƙarfin megawat 760, amma mutanen da suka ba da ƙasarsu aka yi tafkin har yau suna kwana cikin duhu kamar kowa, wasu ƙauyukan gaɓa ma ba su taɓa ganin turken wuta ba. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga matsugunansu, da yawansu Gungawa da Kambari da Lopawa na wannan masarauta. A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja ya nutse kusa da Wara da mutane fiye da 150 a cikinsa, kaɗan suka tsira. Wanda ya binne 'yan'uwansa a wannan rana, idan aka ce masa za a kashe miliyoyi a kan tseren jirage da anko, dole ransa ya sosu.

Mun auna ɓangarorin biyu. Ra'ayinmu shi ne a yi bikin, amma kada a bari ya zama na fada da manyan baƙi kawai, a yi hawa a yi jawabi a watse. Tarihin shekara 140 na Yelwa yana rubuce, kuma marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi wa tarihin sarautar Yauri hidimar da ba za a manta ba. Wanda ke shirin ɓacewa shi ne tarihin shekara 60 na tafkin, domin ba a takarda yake ba, a bakin mutane yake. Yaron da yake da shekara 15 lokacin da ruwa ya taso a 1968, zai kai 75 a 2028. Su ne na ƙarshe da suka san inda kowane gungu yake, da sunansa, da yadda ake dasa albasa a gaɓa idan ruwa ya janye ana ban ruwa da ƙwarya, da yadda aka kwashe su aka zuba a gidajen bulo da siminti waɗanda ba su saba da irinsu ba. Jikokinsu da yawa Hausa suke yi, harshen Reshe na Gungawa yana ja da baya a gidaje. Duk damina sai an rasa wasu daga cikin waɗannan dattawa, kuma wanda ya tafi ya tafi da abin da ya sani.

Aikin ɗaukar muryoyin waɗannan dattawa ba mai tsada ba ne. Na'urar ɗaukar murya, da ɗalibai 'yan asalin yankin masu jin harsunan, da malamin tarihi da zai tsara musu tambayoyi, sun isa. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke kan karaga tun 1999, ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, don haka ba sai an yi masa bayanin darajar irin wannan taska ba, kuma ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuɗin kuwa, hukumar HYPPADEC da aka kafa musamman don al'ummomin da madatsun wutar lantarki suka shafa ita ta fi cancanta ta ɗauki nauyi, tare da gwamnatin jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga.

Sannan a tuna cewa Yauri ƙasar masu sana'a ce, bikin ya nuna haka. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da matan da ke bandar kifi a bakin ruwa, hayaƙi na cin idanunsu suna juya tarwaɗa a kan waya, ana lodin kwanduna a motocin da za su nufi Kudu, ya ga masana'antar da ta fi kowace ciyar da gidaje a wannan yanki, ko da yake babu wanda ya taɓa yanka mata kintinkiri. Sarkawa masunta, da masassaƙan jirgi, da manoman albasa da shinkafa, da masu haƙar zinariya, da ma'aikatan kamfanin sarrafa tumatir na GBfoods da ke Ngaski, duk suna da gurbi a filin taron, ba a bayan igiya suna kallo ba. Abin da ya rage na ganuwar Birnin Yauri kuma a shata shi a kare shi daga masu ɗibar ƙasa da masu faɗaɗa gona. Wannan ba ya jiran 2028.

Sharaɗi ɗaya ne ba mu yarda a sassauta ba. Kada a ware ko sisi don tseren jirage sai an fara ware na rigunan ceto a tashoshin jirgin Yelwa da Wara, da ma'aikatan da za su hana lodin da ya wuce kima a ranakun kasuwa, da sare kututturan itatuwan da ruwa ya rufe waɗanda ke fasa jirage. Idan kasafin bai isa duka biyu ba, a rage kwanakin bikin. Ɗaukar muryoyin dattawa kuwa a fara ta a ranin bana, a soma da waɗanda suka fi tsufa.