Wa'adin Kwana 21 Ga Masu Gidajen Abinci Na Malanville

Daga ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci na Malanville, masu girki, masu kai abinci, masu gashi da masu wanke-wanke, zuwa ga Alhazai da Hajiyoyi masu gidajen abinci na bakin kasuwa, na tasha da na hanyar gada.

Wannan takarda wa'adi ce. Muna ba ku kwana 21 daga ranar da ta shiga hannunku ku daidaita albashinmu da abin da doka ta yanke, ku kuma janye hannunku daga tukwicin da masu cin abinci ke bar mana.

Tun ranar 1 ga Janairu 2023 gwamnatin Benin ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 40,000 zuwa sefa 52,000 a wata. Dokar ta hau kan Malanville kamar yadda ta hau kan Kwatano da Parakou. Da yawa daga cikinku ba ku taɓa biyan ko tsohon adadin ba. Idan muka yi magana, amsarku ɗaya ce: ai kuna samun na goro a hannun baƙi.

Mun san halin da garin nan ya shiga. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano zuwa Yamai suka yi jerin gwano, daga baya suka watse. Kuka ce ciniki ya mutu, kuka rage mana kuɗi, muka yarda. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, muka ƙara haƙuri. Amma matafiya ba su daina zuwa ba. Motocin fasinja na sauke su a nan, su ci abinci kafin su gangara bakin kogi su shiga kwale-kwale. Kasuwa na ci. Kun ƙara kuɗin kwanon shinkafa, kun ƙara na kifi, albashinmu yana inda kuka ajiye shi. Mun zo muku ɗaya bayan ɗaya, mun aiko dattawa, aka ce mu jira hanya ta buɗe. Jiran ya ƙare.

Rufe gadar ya nuna abin da tukwici yake. Direban da ya saba barin canjin sefa 100 ko 200 a kan faranti ya daina zuwa, kuɗin ya tafi tare da shi. Kuɗin hayar ɗaki bai tafi ba, na magani bai tafi ba. A Amurka, inda wasunku ke kafa hujja da ita, mai cin abinci ya saba ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan kuɗin abincinsa. A nan babu wannan al'ada. Mutum ya ga dama ya bar canji, ya ga dama ya ƙirga ya sa aljihu, kuma babu wanda ya isa ya zarge shi. Ba a gina abincin iyali a kan ganin damar baƙo. Wanda ya ɗauke mu aiki shi ne zai biya ladan aikin.

Akwai kuma waɗanda tukwicin ma bai san da su ba. Yarinyar da ke bayan gida tun asuba, tsugune gaban tukwane, hannunta a cikin ruwan sabulu har fatar yatsunta ta tsage, babu baƙon da ya taɓa ganin fuskarta. Mai tuƙa tuwo a gaban murhu a zafin watan Afrilu haka yake. Su ne aka fi rage wa albashi da sunan kuɗin da ba ya isa gare su.

Ga abin da muke nema. Duk wanda ke cikakken aiki a gidan abinci a biya shi sefa 52,000 a wata ko sama da haka, a rana tsayayya, da takarda mai sa hannun mai gida da na ma'aikaci. Abincin da muke ci a wurin aiki ba za a lissafa shi a cire daga wannan adadi ba sai da yarjejeniya a rubuce.

Tukwici namu ne gaba ɗayansa. Abin da baƙo ya miƙa wa ma'aikaci hannu da hannu ya zama nasa. Inda aka ajiye akwati a kan kanta, mabuɗinsa zai koma hannun ma'aikata biyu da mu za mu zaɓa, a buɗe shi a gaban kowa bayan an tashi aiki, a raba har da na madafa da masu wanke-wanke. Yadda za a raba tsakaninmu ne, mun riga mun shirya. Mai gida ba ya da kaso, ɗansa ko ƙaninsa da ke zaune a kan kuɗi ba ya da kaso.

A daina cire mana kuɗin farantin da ya fashe a kan aiki, da kuɗin wanda ya ci ya sulale bai biya ba. Wannan asarar sana'a ce, kuma mai riba shi ke ɗaukar asara. A ba kowa hutun yini guda cikakke a mako, kamar yadda dokar ƙwadago ta 1998 ta tanada. A yi wa kowa rajista a hukumar inshorar ma'aikata, CNSS, a nuna mana lambarmu, domin wanda mai ya ƙone ko tukunya ta faɗo masa ya san inda zai dosa.

Ba mu nufi Inna mai tukunya ɗaya da ke sayar da tuwo tare da 'yarta ba. Maganarmu da masu ɗaukar mutane aiki ce. Waɗanda ke biya daidai a cikinku mun san su, kuma wannan wa'adi bai shafe su ba.

Wakilanmu a shirye suke su zauna da ku kowace rana cikin kwanakin nan 21, a gaban duk dattijon da ɓangarorin biyu suka aminta da shi. Alkawarin baki ba zai wadatar ba, sai abin da aka rubuta aka sa wa hannu.

Idan wa'adin ya cika ba a sa hannu ba, washegari za mu kai ƙara ofishin ƙwadago na Alibori da ke Kandi, da sunan kowane gida, yawan ma'aikatansa da abin da yake biyan kowannensu. Za mu miƙa kwafi ga CNSS da ofishin magajin garin Malanville. Za mu nemi bashin da ya taru tun Janairu 2023, wanda a yau muna shirye mu tattauna a kansa, amma a ranar ba za mu sassauta ba.

Daga nan sai sanarwar yajin aiki. Dokar 2018 ta taƙaita yajin aiki zuwa kwana 2 a wata, kwana 10 a shekara. Ba za mu wuce ko awa ɗaya ba. Kwana biyun za su faɗa a ranakun da kasuwar Malanville ta fi cika, lokacin da 'yan albasa da 'yan hatsi daga Nijar da Nijeriya ke neman inda za su ci. A ranakun ba za a hura wuta a madafarku ba. Duk gidan da ya kori ma'aikaci saboda wannan takarda, babu ɗan ƙungiyar da zai karɓi gurbinsa, kuma sunan gidan ne zai zo farko a ƙarar da za mu kai Kandi.

Ƙirgen kwanakin ya fara daga ranar da takardar nan ta shiga hannunku.

Shugabannin ƙungiya, a madadin dukkan ma'aikata.