Shin Waya Ce Za Ta Yi Wa Barcinmu Alƙalanci?



'Yan uwa masu daraja, manhajojin auna barci sun fara shiga wayoyi da agogunan hannun matasanmu a nan Gaya. Suna bin motsin jiki da bugun zuciya cikin dare, gari na wayewa su ba mutum maki. Ra'ayina shi ne a amfana da su, amma kada a miƙa musu alƙalanci.

Masana halayyar ɗan Adam sun nuna illar makin. A wani bincike na Kwalejin Colorado ta Amurka da aka wallafa a 2014, an gaya wa wasu ɗalibai cewa barcinsu bai yi kyau ba, alhali ba a auna komai ba. Sai ga shi sun gaza takwarorinsu a gwajin natsuwa. A 2017 kuma masana barci a Chicago suka ba da rahoton mutanen da neman maki mai kyau ya zame musu damuwar da ke hana su runtsawa.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin manhajojin an gina su ne a kan barci ɗaya miƙaƙƙe. Musulmi kuwa yana tashi da Asuba, ya cike da ƙailula. Masuncin kogin Isa da ɗan kasuwar da ke sammakon Kamba ma ba haka suke kwana ba. Abin tsoron shi ne yaro ya ga makinsa ya faɗi, ya ɗora wa Asuba laifi, ya kashe ƙararrawa. Alhali hirar waya har ƙarfe ɗayan dare ce ta cinye masa barcin.

Don haka ina kira ga 'ya'yanmu masu ƙera manhaja, musamman ɗaliban Jami'ar Dosso: ku soma lissafi daga lokacin Asuba ku komo baya. Ku ƙidaya ƙailula. Ku ɗaura tunatarwar ajiye waya a kan sallar Isha'i, domin sabuwar ɗabi'a ta fi kama ƙasa idan ta jingina da tsohuwa. Ya tabbata a hadisin Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i.

Kafin a samu wannan, iyaye, mu fara da kanmu: daga masallaci sai shimfiɗa, waya kuma nesa da matashi.

Allah Ya sa mu dace.