RA'AYINMU: Alƙawarin Gwamna Lugga

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A watan Maris na 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi alƙawarin cewa gwamnatinsa ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Sarkin Musulmi Attahiru bai yarda da zama ƙarƙashinsu ba, ya nufi gabas, ya yi shahada a Burmi cikin watan Yuli na shekarar.

Abin da Nasara ke nufi da addini shi ne salla, azumi da masallaci. Waɗannan sun bar mana. Amma suka hana zartar da haddin yanke hannu, suka sa hukuncin alƙalai ƙarƙashin duban Razdan, suka fifita boko a kan ajami a ayyukan mulki. Daga 1917 Kaduna ta zama hedkwatar wannan tsari, kuma kafin su tafi a 1960 aka maye gurbin hukuncin laifuka na Shari'a da dokar Final Kod.

Sun tafi, amma fassarar da suka yi wa addini ta zauna a zukata. Shi ya sa za ka ga mutum a sahun gaba, ko a sansanin alhazai na Mando, alhali yana tauye mudu, yana cin gadon marayu.

Ya ku 'yan'uwa, maganin wannan ciwo ilmi ne. Mu raya Islamiyyun unguwanninmu, mu tura mata da yara, a koya musu mu'amala kamar yadda ake koya musu alwala.

Allah Ya sa mu dace, amin.