Kukan Murtala Da Matan Da Aka Manta

 A filinmu na yau ina so mu tuna da ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairu 1976, ranar da aka harbe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammed a Ikko, yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan. Cunkoson motoci ya tsare shi, ba shi da jerin masu gadi, sai sojojin Laftana Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta. Shekarunsa 37 kacal, kuma bai cika wata bakwai a kan mulki ba.

Ku tambayi iyayenku, za su faɗa muku irin kukan da aka sha a Kano da aka kawo gawarsa. Ɗalibai suka fita zanga-zanga, har suka far wa ofishin jakadancin Ingila a Ikko. Ni dai ban ga laifin wannan baƙin ciki ba. Mutumin da ya mai da jihohi 19 daga 12, ya yanke shawarar a mai da babban birni Abuja, ya sa ma'aikaci ya riƙa zuwa aiki kan lokaci, ai ya cancanci hawaye. Kisan gilla kuwa abin la'anta ne ko wa aka yi wa. (Ko da yake matan ma'aikata sama da 10,000 da ya kora a 1975 nasu kukan ya riga namu, kuma ba dukansu ne mazansu suka ci amana ba.)

To, amma ga abin da ke damuna. Mu mata mun fi kowa iya makoki, mun kuma fi kowa saurin watsewa bayan sadakar arba'in. Ƙasa ta sa hotonsa a takardar Naira 20, ta sa sunansa a filin jirgin saman Ikko da babban asibitin Kano. Matarsa Ajoke fa? An bar ta da yara shida, babbarsu 'yar shekara 12. Ta yi takaba, masu gaisuwa suka koma gidajensu, ita kuwa ta tashi da kuɗin makaranta da ciwon dare da tambayoyin yara. Duk wadda ta taɓa riƙon marayu ta san hoto a jikin kuɗi ba ya goya yaro.

Kuma ba shi kaɗai ya mutu ba a ranar. An kashe dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa, da direbansa, da Gwamnan Jihar Kwara Kanar Ibrahim Taiwo. Su ma 'ya'yan wasu ne, suna da iyali. Wace ce a cikinku ta taɓa jin an ambaci uwar direban nan a wajen wani taron tunawa?

Akwai wata maganar da ta fi nauyi, kada ku ce na yi kwana. A watan Maris 1976 aka harbe sojoji da yawa a bakin teku a Ikko, har da Manjo Janar Bisalla, jama'a suka cika wurin suna kallo kamar ana wasa. A watan Mayu aka harbe Dimka da tsohon Gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk. Wanda ya yi kisa hukunci ya hau kansa, ba musu. Amma matansu ba su riƙe bindiga ba, 'ya'yansu ma haka. Da yake da yawa daga cikin waɗanda aka kama 'yan yankin Filato ne, sai zargi ya bi ƙabila, kuma a bakin murhu ake koya wa yaro irin wannan ƙiyayya, daga bakinmu.

Saboda haka ranar 13 ga Fabrairu mai zuwa, in kin yi wa Murtala addu'a, ki duba unguwarku. Ba a rasa matar soja ko ta ɗan sanda da aka kashe mijinta a bakin aiki. Ki shiga ki gaishe ta, ki tambaye ta ko yaran suna zuwa makaranta.